Kofin Haila: Yadda Ake Zaɓensa Da Sharuɗɗan Amfani Da Shi

Akwai waɗansu al'amura na rayuwa waɗanda babu gidan da ba a san su ba, amma kunya ta hana a ambace su da sunansu. Haila tana daga cikinsu. Shi ya sa Hausawa kan sakaya ta, a ce wance tana al'ada, ko tana fashin salla, ko kuma baƙon wata ya sauka. To, amma sakaya suna ba ya rage nauyin abu. Yarinya takan fara ganin jini tun tana tsakanin shekara 11 da 15, ba kuwa za ta rabu da shi ba sai ta doshi shekara 50. In aka tara kwanakin da mace ke yi cikin wannan hali tun daga farko har ƙarshe, sai a tarar sun kai wajen shekara shida, in an ɗebe lokutan ciki da goyo kuwa su ɗan ragu. A cikin kowace rana daga waɗannan kwanaki tilas ne ta sami abin da za ta tsare jikinta da tufafinta da shi.

Iyaye da kakanni da tsumma suka yi ƙunzugu, a wanke, a shanya a ɓoye, a sake amfani da shi. Daga baya audugar mata ta shigo, ta sauƙaƙa wa matan birni da 'yan makaranta. Sai dai ita auduga kuɗi take ci kowane wata, ga tsadar kaya ta sa matan da dama sun koma ga tsumman da suka bari, waɗansu kuma suna barin auduga ɗaya a jiki tun safe har dare don kada fakiti ya ƙare kafin jini ya ɗauke. Dokar kuɗi ta 2019, wadda ta fara aiki a farkon 2020, ta ɗauke harajin VAT daga kan audugar matan da ake yi a cikin Nijeriya, amma duk wadda ke shiga kasuwa ta san wannan bai hana kuɗinta hauhawa ba.

A cikin wannan hali ne aka fara jin labarin wani abu da ake kira kofin haila. Wani ɗan mazubi ne mai laushi, mai siffar ƙararrawa, tsawonsa bai wuce na ɗan yatsa ba, yana da ɗan tsinke ko zobe a gindinsa. Ana naɗe shi a sa a cikin farji, ya buɗe a ƙarƙashin bakin mahaifa, jini ya riƙa taruwa a cikinsa. Watau shi ba ya tsotse jini kamar auduga ko tsumma, tara shi yake yi. In lokaci ya yi sai a ciro shi, a zubar, a ɗauraye, a mayar. Kofi ɗaya mai kyau, in an kula da shi, yana iya kai shekara goma.

Tsohon abu ne

Mai jin labarinsa yau zai yi tsammanin sabuwar ƙirƙira ce, alhali kuwa ya girmi yawancin masu sayar da shi. A shekarar 1937 ne wata Ba'amurkiya mai wasan kwaikwayo, Leona Chalmers, ta sami rajistar mallakar kofin da ta ƙera da roba, ta kuma shiga sayar da shi. Ba a jima ba Yaƙin Duniya Na Biyu ya ɓarke, roba ta yi ƙaranci domin duk ta tafi wajen kayan yaƙi, sana'ar ta tsaya. A ƙarshen shekarun 1950 aka sake fitowa da shi da sunan Tassette, amma kamfanin ya durƙushe a 1963. Dalilan durƙushewar suna da ban sha'awa. Matan Amurka na wancan zamani su ma kunya ta hana yawancinsu karɓarsa, waɗanda suka karɓa kuwa ba su da bukatar sake sayen wani, don na hannunsu bai lalace ba. Kayan da ba ya ƙarewa ba ya cika yi wa ɗan kasuwa daɗi.

A 1987 wani kofin roba mai suna The Keeper ya fito a Amurka, ya kuwa daɗe a kasuwa. Amma abin da ya sauya al'amarin shi ne fitowar Mooncup a Ingila a 2002, wanda aka yi da silikon irin na kayan asibiti. Silikon yana jure tafasa, ba ya riƙe wari kamar roba, ba ya kuma tayar wa masu ƙyamar roba da ƙaiƙayi. Yawancin kofunan da ke kasuwa yau da shi ake yin su.

Abin da bincike ya nuna

Tambayar da kowace mace mai hankali za ta fara yi ita ce: shin abin nan ba ya cutarwa? Amsa mafi ƙarfi da ake da ita ta fito ne a 2019, sa'ad da masu bincike na Makarantar Nazarin Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Liverpool da abokan aikinsu suka tattara nazarce-nazarce 43 da suka shafi mata fiye da 3,300 a ƙasashe masu arziki da matalauta, suka buga sakamakon a mujallar likitoci ta Lancet Public Health. Sun tarar yoyon da kofi ke yi bai fi na auduga ba, wani lokaci ma bai kai shi ba. Ba su ga alamar yana ƙara haɗarin kamuwa da cututtukan farji ba. Kimanin kashi 70 cikin 100 na matan da aka tambaya kuma sun ce za su ci gaba da amfani da shi bayan sun saba. Ta fuskar kuɗi kuwa, lissafinsu ya nuna cewa a cikin shekara goma abin da mace za ta kashe a kan kofi bai wuce wajen kashi 5 cikin 100 na abin da za ta kashe a kan auduga ba, in tana amfani da guda 12 kowane wata.

Amma fa rahoton bai ɓoye ɗaya gefen ba. An sami mata biyar da suka kamu da wata muguwar cuta ta gubar jini bayan amfani da kofi, an sami 13 da robar tazarar haihuwa da ke cikin mahaifarsu ta goce, an kuma sami 'yan ƙalilan da suka ji ciwo, ko suka yi ƙuraje, ko suka sami matsalar fitsari. Waɗannan adadi kaɗan ne ƙwarai in an gwada da yawan masu amfani da shi, sai dai kowanne yana nuna wani wuri da ake yin kuskure, kuma yawancin kurakuran ana iya kauce musu.

Binciken da ya fi kusa da halin da matan karkarar ƙasar nan ke ciki shi ne wanda aka yi a yankin Siaya da ke yammacin Kenya, aka buga a 2016. An ɗauki 'yan mata fiye da 700 masu shekara 14 zuwa 16 a makarantun firamare 30, aka raba makarantun kashi uku: waɗansu aka ba su kofi, waɗansu auduga, waɗansu kuma aka bar su da abin da suka saba. A cikin waɗanda aka bi diddiginsu wata tara ko fiye, cutar nan da ke rikita ƙwayoyin halittar farji ta kawo ruwa mai ƙarni ta kama kusan 13 cikin 100 na masu kofi, alhali ta kama wajen 20 cikin 100 na masu auduga. Abin da binciken bai nuna ba shi ne raguwar barin makaranta, ko da yake masu tallar kofi sukan so su ce ya nuna. Wani abin lura kuma shi ne 'yan matan ba su karɓe shi dare ɗaya ba. Watanni suka ɗauka, kuma ma'aikatan jinya da 'yan uwansu ɗalibai da suka riga su sabawa su ne suka yi ta ƙarfafa musu gwiwa. Raba kofuna a taro a ɗauki hoto a watse, ba tare da mai koyarwa da za a koma wa ba, asarar kuɗi ce kawai.

Zaɓen wanda ya dace

Yawancin kamfanoni girma biyu suke yi. Ƙaramin na wadda ba ta kai shekara 30 ba kuma ba ta taɓa haihuwa da kanta ba, babban kuwa na wadda ta wuce 30 ko ta taɓa haihuwa da kanta. Waɗansu suna ƙara na uku, ɗan mitsitsi, don 'yan mata. To, wannan ƙa'ida ta shekara 30 an tsara ta ne a ƙasashen da mata ke jinkirta haihuwa. A nan kuwa, inda mai shekara 22 tana iya kasancewa da 'ya'ya uku, haihuwar ce abin dubawa kafin shekaru. Wadda aka yi wa aiki aka ciro mata jariri, in ba ta taɓa haihuwa da kanta ba, sau da yawa ƙaramin ne ke yi mata daidai.

Abu na biyu, wanda masu sayarwa ba su cika ambata ba, shi ne nisan bakin mahaifa. Mata sun bambanta a nan, kuma ko a jikin mace ɗaya yakan ɗan sauko a kwanakin haila. Hanyar ganewa ba ta da wuya. A ranar farko ko ta biyu ta jini, mace ta wanke hannu da sabulu, ta sa yatsa a hankali har ta taɓa wani abu mai ɗan tauri da santsi kamar kan hanci. In ta taɓa shi tun gaɓar farko ta yatsa, bakin mahaifarta yana ƙasa, gajeren kofi take bukata. In sai da yatsan ya shige duka, ko ma bai kai ba, dogon kofi zai fi mata sauƙin cirowa. Yawancin matan da ke cewa sun gwada kofi ya yi ta sukarsu, ko ya yi ta yoyo, a nan suka yi kuskure. Dogon kofi suka saya alhali gajere ne nasu. Tsinken gindin kuwa, in ya leƙo waje yana damun mace, ana iya rage shi da almakashi mai tsabta bayan an ciro kofin, kaɗan-kaɗan, kada a huda gindin.

Sai kuma tauri da laushi. Mai tauri yana saurin buɗewa ya kama jiki, amma yana iya danne mafitsara har mace ta riƙa jin fitsari a kai a kai, ko ya ƙi fita sosai. Mai laushi ya fi daɗin zama, sai dai yakan yi gardamar buɗewa. Wadda ke yawan ciwon mara ko matsalar mafitsara, mai laushin ya fi mata.

Yawan abin da kofi ke ɗauka ya kama daga mililita 10 zuwa kusan 40, yawancinsu kuwa tsakanin 20 da 30 suke, watau ƙaramin cokalin shayi huɗu zuwa shida. Mutane kan yi mamakin jin cewa duk jinin da mace ke zubarwa a haila guda yawanci bai wuce mililita 30 zuwa 40 ba, ko da yake ruwan da ke haɗe da shi yana ƙara masa yawa. Likitoci suna ɗaukar abin da ya haura mililita 80 a matsayin zubar jini mai yawa. A nan kofi yana da wani amfani da auduga ba ta da shi, domin da yawansu suna da layukan awo a jiki. Macen da ta ga tana cika kofi cikin awa biyu ko uku, rana bayan rana, ta sami hujjar da za ta kai wa likita a lissafe, maimakon ta ce jinin dai da yawa. Irin wannan zuba tana jawo ƙarancin jini, kuma tana iya zama alamar ƙari a mahaifa.

Wajen saye, a nemi wanda aka rubuta a kwalinsa cewa da silikon na asibiti aka yi shi, da sunan kamfanin da adireshinsa, da takardar bayani a ciki. Hukumar NAFDAC ce ke da alhakin rajistar kayan asibiti a Nijeriya, saboda haka neman lambarta a jikin kwali ba ɓata lokaci ba ne. Kasuwar intanet cike take da kofuna masu arhar banza, marasa suna, waɗanda ba wanda ya san da abin da aka narka aka yi su. Abin da zai zauna a cikin jikin mutum awa da awanni ba wurin neman araha ba ne. Wadda kuma ta san roba tana sa ta ƙaiƙayi ko kumburi, ta guji na roba.

Sawa da cirewa

Kafin a fara amfani da sabon kofi, a tafasa shi cikin ruwa mai yawa minti biyar zuwa goma. Ruwan ya zama ya shanye kansa, don in ya ƙone kofin ya kwanta a gindin tukunya zai lalace. Sa'an nan a wanke hannu da sabulu, a kuma tabbata farce ba shi da tsawo ko kaifi.

Naɗi iri-iri ne. Mafi sauƙi shi ne a matse bakin kofin ya haɗu, a ninka shi biyu ya zama kamar jinjirin wata. Wani kuma shi ne a danna gefe ɗaya na bakin da yatsa zuwa ciki, sai kan ya tsuke ya yi tsini, wannan ya fi wa mai koyo sauƙi. Mace ta tsuguna, ko ta ɗora ƙafa ɗaya a kan wani abu, ta saki jikinta, ta tura shi yana fuskantar baya wajen ƙashin gindi, domin hanyar ba miƙe take sama ba. In ya shiga sai a sake shi ya buɗe. A zagaya gindinsa da yatsa a ji ko ya zama zagaye, in akwai lotsawa a ɗan murɗa shi. In ya zauna daidai ba a jin sa. Jiƙa shi da ruwa yana taimakawa, amma kada a shafa masa man shafawa, ko basilin, ko wani mai. Haka kuma miski da humra da turaren tsuguno, waɗanda mata suka saba da su bayan wanka, ba su da hurumi a jikin kofi.

Cirewar ce ta fi tsorata masu koyo. Kofin yana kama jiki ne da ɗan tsotso, kamar yadda ƙaho ke kama fata. Saboda haka ba a fizgo shi ta tsinke. Tsinken jagora ne kawai zuwa gindin kofin. A kama gindin da yatsa biyu a matse har iska ta shiga, tsotson ya saki, sa'an nan a riƙa karkaɗa shi hagu da dama ana saukowa da shi a tsaye don kada ya zube. In an neme shi an ji ya hau sama, kada a firgita. Ba shi da inda za shi, domin bakin mahaifa ya toshe hanyar, ƙofarsa kuwa ba ta isa ko tsinken kofin ya wuce ba. Tsoro shi ke ɗaure tsokar wurin ya ƙara riƙe shi. A huta, a tsuguna sosai, a yi ɗan yunƙuri, zai sauko. In an yi duk wannan bai fito ba, a tafi wurin ungozoma ko ma'aikaciyar jinya a asibiti. Kada a sa cokali ko wani ƙarfe, kada kuma kunya ta sa a kwana biyu da shi.

Ba a bukatar cire shi don yin fitsari, domin mafitar fitsari dabam take. A wata biyu ko uku na farko yana da kyau a haɗa da 'yar auduga ko ƙyalle saboda yoyo, har hannu ya faɗa.

Ruwa, sabulu da agogo

A nan ne lafiyar mai amfani da kofi ta rataya. Cutar gubar jinin da aka ambata a baya, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da TSS, wata ƙwayar cuta ce ke jawo ta, mai suna sitafilokokus, wadda masu tallar magani a tashoshin mota suka mai da sunanta abin tsoratar da jama'a. Gaskiyarta ita ce tana zaune a fata da hancin mutane masu yawa ba tare da ta cuce su ba. Amma wani jinsinta, in ya sami jinin da ya daɗe a wuri mai ɗumi tare da iska, yakan fitar da guba, in gubar ta shiga jini kuwa tana iya kashe mutum cikin 'yan kwanaki. Duniya ta san wannan cuta sosai ne a 1980, sa'ad da ta kama mata da yawa a Amurka, aka gano tana da alaƙa da audugar cusawa mai tsananin tsotso, har aka janye wadda ake kira Rely daga kasuwa a watan Satumba na shekarar. An daɗe ana zaton kofi ya kuɓuta daga wannan haɗari, sai a 2015 likitoci a Kanada suka ba da rahoton wata mace da ta kamu da ita bayan ta fara amfani da kofi. A 2018 kuma masu bincike a birnin Lyon na Faransa suka nuna a ɗakin gwaji cewa ƙwayar tana iya yaɗuwa a jikin kofi, tana kuma manne masa ta yadda ɗauraya da ruwa kaɗai ba ta raba ta da shi.

Saboda haka maganar awa nawa kofi zai yi a jiki ba ƙaramar magana ba ce. Kamfanoni da yawa suna rubuta awa 12. Waɗansu suna cewa huɗu zuwa takwas. Faransa ta fi kowa tsanantawa, domin tun daga 1 ga Afrilu 2024 doka ta wajabta a rubuta a jikin kwali cewa kada a wuce awa shida, kada kuma a kwana da shi. Mai neman kwanciyar rai ta riƙi awa shida zuwa takwas, ta kuma ɗauki awa 12 a matsayin iyakar da ba a ƙetarewa ko da jinin kaɗan ne. Lokutan salla, ko da yake mai haila ba ta yin ta, agogo ne da ba ya kuskure: wadda ta zubar da asuba, ta sake da azahar, ta sake da magariba, ta kuma sake kafin ta kwanta, ba ta wuce ƙa'ida ba.

Alamun cutar su ne zazzaɓi mai zafi da ya zo farat ɗaya, da amai ko gudawa, da jiri ko suma, da ciwon gaɓoɓi, da jan fata kamar ƙuna, wanda ba ya saurin bayyana a baƙar fata sai dai a duba tafin hannu da idanu da cikin baki. Haɗarin da ke nan shi ne duk waɗannan alamu sun yi kama da zazzaɓin cizon sauro ko taifot, sai a tafi kemis a sayi magani a kwanta. Duk macen da irin wannan ya same ta tana da kofi a jiki, ko kwana kaɗan bayan ta cire, ta ciro shi nan take, a kai ta asibiti, ta kuma buɗe baki ta gaya wa likita abin da take amfani da shi. Wadda ta taɓa yin cutar ba za ta sake amfani da kofi ko audugar cusawa ba.

Wajen ɗauraya, matan ƙasar Hausa suna da wata sa'a da Turawa ba su da ita, watau buta. Abin da ke damun mata a Turai shi ne yadda za su wanke kofi a ban ɗakin ma'aikata inda famfo yake waje, alhali a nan ba mai shiga kewaye ba ruwa a hannu. Sharaɗin dai shi ne ruwan ya zama mai tsabta, irin wanda za a iya sha. Ruwan kududdufi ko na rijiyar da ke kusa da masai bai dace ba. In ba a sami ruwa mai kyau ba, a zubar, a goge da takarda mai tsabta, a mayar, a wanke da zarar an samu. Sabulu mara ƙamshi ake so, a kuma ɗauraye shi sarai. Bilic da ruwan kashe ƙwayoyin cuta na wanke ƙasa suna ɓata silikon, suna kuma ƙona jiki. A lura da 'yan ƙananan hujojin da ke ƙarƙashin bakin kofin, in sun toshe yoyo zai biyo baya. Wadda ke amfani da masai kuma ta ɗan matsa gefe kafin ta ciro, domin jiƙaƙƙen kofi yana da santsi, in ya suɓuce ya faɗa rami, na shekara goma ya tafi ke nan.

In jini ya ɗauke sai a sake tafasa shi, a bar shi ya bushe, a adana cikin 'yar jakar ƙyalle, ba cikin leda ko roba mai murfi ba. Tafasar nan ita ce ta fi wuya ga mai zaune a gidan yawa, inda murhu yake tsakar gida kowa na gani, da kuma 'yar makarantar kwana wadda ba ta da murhu ko kaɗan. A gida dai ana iya keɓe ƙaramar tukunya mai murfi ko gwangwani mai tsabta don wannan aiki kaɗai. A makaranta kuwa, duk hukumar da ta yi niyyar raba kofuna tilas ta fara tanadin inda za a tafasa su. Sauyin launi ba lalacewa ba ne, amma in kofi ya tsage, ko ya fara danƙo, ko ya riƙe warin da tafasa ba ta kawar ba, a jefar da shi. Ba a kuma aron kofi, ko tsakanin uwa da 'ya.

Waɗanda ya kamata su dakata

Mai jego ba ta amfani da kofi don jinin biƙi. Likitoci suna cewa a jira akalla mako shida, wanda ya zo kusan daidai da kwana arba'in ɗin da aka saba, kuma sai an duba an ga jiki ya warke. Haka wadda ta yi ɓari ko aka yi mata aiki ta gaba. Mai robar tazarar haihuwa a mahaifa ta fara shawartar wadda ta sa mata, domin tsotson kofi ko kama zaren robar cikin kuskure yana iya jawo ta ƙasa. Akan rage tsawon zaren, a kuma ja kunnen mace ta riƙa sakin tsotson kafin ta ja. Wadda mahaifarta ta zazzago, da mai yoyon fitsari ko wadda aka yi wa ɗinkinsa, da wadda aka yi wa kaciya ko yankan gishiri har wurin ya yi tabo, duk sai da izinin likita. Mai fama da ƙaiƙayi ko ruwa mai wari ta fara yin magani tukuna. Kofi kuma ba ya hana ɗaukar ciki, ba ya kare mace daga cututtukan da ake ɗauka ta saduwa.

Maganar 'yan mata ita ce ta fi nauyi. A likitance babu abin da ya hana budurwa amfani da ƙaramin kofi, kuma likitoci sun daɗe suna bayyana cewa tantanin budurci ya bambanta daga mace zuwa mace, ba ya kuma zama shaida tabbatacciya a kan komai. Duk da haka gaskiya ne kofi yana iya buɗa tantanin ko ya yaga shi, kuma a cikin al'ummar da ke ba wannan al'amari muhimmanci, yarinyar ce za ta ɗauki abin da ya biyo baya, ba mai raba kofi ba. Saboda haka bai dace a ɓoye wa yarinya da mahaifiyarta wannan bayani ba, bai kuma dace a matsa wa wadda ba ta so ba. Audugar ƙyalle da ake wankewa a shanya a rana tana nan ga wadda ta fi natsuwa da ita.

Ta fuskar ibada kuwa, kofi bai sauya hukuncin komai ba. Mace tana iya wuni tufafinta fes, ba ɗigon jini a waje, amma tana nan a matsayin mai haila, ba salla, ba azumi, ba kusantar miji. Alamun tsarki da ake karantawa a Risala da sauran littattafan Malikiyya guda biyu ne, watau bushewar gaba da fitowar farar kumfa. Ganin kofi ya fito ba komai a cikinsa bai wadatar ba, domin ragowar jini yana iya maƙalewa a gefensa ko a bayansa. Sai a cire shi gaba ɗaya, a ɗan saurara, a duba da farin ƙyalle ko auduga kamar yadda aka saba, sa'an nan a yi wanka. Mai jinin ciwo, wadda ita tana salla tana azumi, in tana son amfani da kofi da rana a cikin watan Ramalana, ta fara kai tambayarta wurin malamai.